Gwamnan da Ba Ya Ƙetare Gada

Gidan Gwamna,
Litinin, 21 ga Oktoba, 1957

Zuwa ga Goggo Verna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da Kawu Lyle da aikin gona. Yaya jikin Kaka? Allah ya ba ta sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai Mama da ke fama da mura.

Goggo, ni ce Corinne, kada ki ga ambulan gidan gwamna ki zaci Baba ne. Wasiƙarki ta iso ranar Juma'a. A tsaye ya karanta ta, sannan ya ce da Mama, "Zuciyar mahaifiyata ce. Likita ya ce wata ɗaya, ko ƙasa da haka." Sau uku ya zauna zai ba ki amsa, duk takardun suna cikin kwandon shara. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake kin san halina, ko gaisuwa a bakin coci sai in ji kamar in nutse.

Ba zai iya zuwa yanzu ba, amma don Allah ki karanta har ƙarshe. Kin san dokar jiharmu: da zarar gwamna ya ƙetare iyaka, mataimakinsa ne gwamna har ya dawo, ku kuwa kuna ƙetaren iyakar. Mataimakin nasa kuwa, Mista Rusk Tolliver, ba jam'iyyarsu ɗaya da Baba ba. To akwai wani mutum, Amos Leddy, da aka yanke wa hukuncin kisa kan wani mai kanti da aka harbe. Matar da ta yi shaida a kansa ta dawo ta ce ba shi ta gani ba. Baba ya dakatar da kisan, sai dai ba shi da ikon sauya hukuncin sai hukumar afuwa ta zauna, ranar 21 ga Nuwamba. Shi kuwa Mista Tolliver ya faɗa gaban 'yan jarida cewa in kujerar ta zo hannunsa ko na awa biyu ne, zai soke dakatarwar. Gidan yarin mil uku ne daga ofis. Awa biyun sun isa.

Jiya ya zo liyafa a nan. Ina maƙale a bayan labule na ji ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe tsohuwa ba lafiya? Ka je mana! Ni zan riƙe maka kujerar, har in ɗumama maka ita." Baba ya yi murmushi ya ce, "Na gode, Rusk. Kujerar ba ta jin sanyi." Kowa ya yi dariya. Ni kaɗai na ga yadda ya matse kofin da ke hannunsa.

A littattafan da nake karantawa (kada Mama ta ji, tana zaton na daina), in aka zo irin wannan wuri sai mutumin ya faɗa kogi cikin ruwan sama, ya isa a jiƙe, kuma kullum yana isa kan lokaci. Ban taɓa karanta wanda in ya faɗa kogin wani ne zai mutu a bayansa ba.

Ki sumbaci Kaka a goshi, ki ce daga ƙawarta.

'Yarki,
Corinne


Elk Ford,
Alhamis, 24 ga Oktoba

'Yata Corinne,

Na gaishe ki, na gaida uwarki da jiki. Muna lafiya, mun gama cire masara. Kakarki tana nan yadda take, ba ta iya kwanciya sosai, sai an jingina ta da matashi uku.

Rubutunki ya yi kyau. Abin kunya ne dai a ce yarinya 'yar shekara goma sha shida ce ke ɗaukar wa gwamna guda nauyin bakinsa.

Bari in gaya miki wane ne ubanki, tunda ke a hoton jarida kika san shi. Ni na goye shi. Ni na koya masa tatsar saniya. Da ya tsaya takarar lauyan gunduma, ni na tuƙa shi a motar Babanmu zuwa cin abincin coci-coci har arba'in da ɗaya, uwar nan tasa kuwa ta tsaya gaban murhu wata biyu tana gasa abin da za a raba. Ya shiga majalisa, shekara takwas, muka riƙa ganinsa a Kirsimeti. Ya zama gwamna, Mama ta dawo wurina nan ƙetaren kogi, yau shekara uku bai tako gidan nan ba. Wancan karon kasafin jiha ne. Kafin nan ambaliya. Yanzu kuma mai kisan kai. Kullum da dalili, kuma kullum dalilin mai kyau ne.

Daga gada zuwa ƙofata mil goma sha biyu ne. Ki tambaye shi ko ya manta.

Kada ya buga waya. Ba na son jin muryar zaɓe.

Goggonki,
Verna


Gidan Gwamna,
Litinin, 28 ga Oktoba

Goggo tawa,

Ina gaisuwa, ina gaida Kawu, ina yi wa Kaka sannu. Murar Mama ta tafi.

Goggo, zai zo! 

Jiya bayan coci ina zaune a kan matakala da littafin labari ɓoye a cikin littafin lissafi, su kuma suna ƙaramin falo ba su san ina nan ba. Mama ta ce, "Alden, in aka gane fa?" Ya ce, "Wa zai gane? An buɗe farautar agwagwa. Za a ce Gwamna ya tafi harbi a bakin Kogin Sorrel, can kan iyaka, kamar bara. In bar masu gadi a bukkar farauta, in ari motar mai bukkar, in sa hular manoma. Awa ɗaya a wurinta, in dawo. Kafin Rusk ya gama karin kumallo ina wannan gefen." Mama ta ce, "Kai da ko kaza ba ka iya harbi ba." Ya ce, "Shi ya sa ba wanda zai yi mamaki in na dawo hannu wofi."

Ranar Asabar ne, 2 ga wata, wajen ƙarfe tara na safe. Bai san na ji ba, kuma na san so yake ya faɗo muku kwatsam. Amma na kasa barinki da wancan baƙin cikin har kwana biyar. Kaka kaɗai za ki gaya wa.

Tun jiya nake ganin abin a raina: ƙofa ta buɗe, wani manomi ya cire hula, Kaka ta ɗaga ido. Na rubuta shi ma a bayan littafin tarihi, shafi biyu, har na yi kuka.

Kin ga, Goggo? Bai manta mil goma sha biyun ba.

'Yarki mai murna,
Corinne


Elk Ford,
Lahadi, 3 ga Nuwamba

Corinne,

Gaisuwa. Ba mu da lafiyar da zan ba ki labari.

Jiya tun ƙarfe shida kakarki ta sa na yi mata wanka. Ta ce rigarta ta coci za ta sa, mai ruwan toka, wadda yanzu mutum biyu irinta za su shiga. Na gyara mata gashi. Lyle ya ɗauke ta da kujerarta ya ajiye a bakin taga mai kallon hanya. Tun ranar Alhamis na buga wa matar Ostrander, mai kiwon kaji, waya ta ajiye mini talotalo mafi girma, na ce mata Alden zai zo Asabar, ba zan ba shi wake ba. Na gasa shi.

Tara ta yi. Sha biyu ta yi. Duk motar da ta ɗaga ƙura sai ta ce, "Ga Autana nan." Ƙarfe huɗu ta ce, "Verna, cire mini rigar nan, tana matse ni." Rigar da ke yawo a jikinta. Tun daga nan ba ta ci komai ba, likita ya zo sau biyu.

Ban sani ba ko ubanki ne ya fasa, ko ke ce kika karanta wannan zuwan a cikin littattafanki kika aiko mini. Ko wanne ne, kada a sake.

Verna


Gidan Gwamna,
Laraba, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki, in kina karɓar gaisuwata. Yaya Kaka ta kwana? Ta ci wani abu?

Ban ƙirƙira ba, Goggo. Ya shirya. Jakarsa na bakin ƙofa, har da hular. Ranar Juma'a da la'asar shugaban gidan yari ya bugo masa ya ce an umarce shi ya zauna cikin shiri gobe da safe. Da aka bincika, ashe Mista Tolliver ya sa an buga takardar sokewar, sa hannu kaɗai ya rage, ya kuma ajiye mutum da mota a bakin gada da kuma ɗan jarida mai kyamara. Baba ya sauke jakar, ya mayar da hular kan ƙusa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Mutum uku kaɗai suka san shirin: shi, Mama, da Miss Aldous, sakatariyarsa tun yana lauyan gunduma. Ranar Litinin ya kira ta nan gida. Ina ji ta ƙofa yana cewa, "Shekara goma sha bakwai, Edith. Me ya ba ki?" Ita kuwa sai cewa take, "Ranka ya daɗe, ni? Ni?" Ta kwashe kayan teburinta a kwali.

Duk wannan ina zaune shiru kamar kujera, don na gaya wa kaina ai Goggo ba za ta faɗa wa kowa ba. Sai jiya wasiƙarki ta zo, na kai kan talotalon. Goggo, layin wayarku gida tara ne a kansa. Ke da bakinki kika taɓa ce mini in kika ɗaga kan waya kina jin numfashin rabin Elk Ford. Ba ina ɗora miki laifi ba ne. Ni ce na laɓe, ni ce na rubuta.

Na same shi a ɗakin karatu. Na yi ta tsayuwa har ya ɗago ya ce, "Mene ne, 'yar Baba? An cinye miki harshe?" Na miƙa masa wasiƙarki, na faɗi sauran ina kallon takalmina. Bai yi tsawa ba. Da ma ya yi. Ya daɗe yana kallon wurin da kika yi maganar rigar. Sannan ya ce, "Ɗauko mayafinki. Ke za ki fara yi wa Miss Aldous bayani, ni in bi da roƙo." Mun je. Ta ba ni shayi, shi ba ta ba shi ba. Ta ce za ta yi tunani.

A hanyar dawowa muka tsaya ofis. Akwai wata mata a kan bencin da ke ƙofarsa, da jakar saƙa a cinya, amma ba ta saƙa komai. Matar Leddy ce. Kullum tana nan daga buɗewa zuwa rufewa. Ba ta roƙo, ba ta magana. In Baba ya shigo sai ta dube shi, ta sauke numfashi, don ta ga yana cikin jihar. Abin da take zuwa dubawa ke nan.

Yanzu an sa masa ido ko'ina, ba sauran hanya. A mota ya ce da ni, "In na je, na kashe mutum don in ga uwata. In ban je ba..." 

Ki karanta wa Kaka wannan, ko da za ta daina kirana ƙawarta. Gara ta ji haushina da ta tafi tana zaton bai so zuwa ba.

Corinne


Gidan Gwamna,
Litinin, 11 ga Nuwamba

Goggo,

Gaisuwa. Kwana biyar shiru. Kullum ina riga mai gadi zuwa akwatin wasiƙu. Baba ya buga waya sau biyu, Kawu Lyle ya ɗauka ya ce "Tana nan," ya ajiye, ban sani ba ko don masu saurare ne ko don fushi. In waya ta yi ƙara a gidan nan kowa sai ya daskare.

Na daina karatun littattafan. Na buɗe ɗaya jiya, na ga kowa a ciki yana samun abin da yake so, na rufe.

Ko layi ɗaya ne, Goggo.

Corinne


Elk Ford,
Talata, 12 ga Nuwamba

Corinne,

Tana da rai. Kwana huɗu wasiƙarki na aljihuna, sai jiya na iya karanta mata.

Ta saurara ido rufe. Da na gama ta ce, "Shi aka hana ƙetarewa. Ni wa ya hana ni?" Likita ya ce hanyar za ta iya ƙarasa ta. Ta ce masa, "To da gadon nan raya ni yake yi?" Na yi faɗa, na yi kuka, ba ta ji ba.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya, a gefenku na gadar. Lyle zai sa katifa a bayan mota. Wannan karon ki gaya wa ubanki da bakinki, kuma duk mai son sani ya sani.

In wani abu ya same ta a hanya, ban san wa zan yafe wa ba.

Verna


Gidan Gwamna,
Lahadi, 17 ga Nuwamba

Goggo tawa,

Ina gaisuwa da fatan kun isa gida lafiya. Kawu ya bugo ya ce ta yi barci a hanya. Allah ya ƙara sauƙi.

Tunda kin sauka a bakin gadar ta wajenku kin ƙi ƙetarowa, bari in ba ki abin da ba ki gani ba. Na yi ƙoƙari kada in ƙara masa gishiri.

Mun riga ku da awa guda. Mutumin Mista Tolliver na nan jingine da motarsa yana cin tuffa, ɗan jaridar ma na nan. Baba ya ce musu, "Sannunku da aiki. Ku matso kusa da layin fentin iyaka da ke tsakiyar gadar, kada ƙafata ta zame ba ku gani ba." Amma bai iya tsayuwa wuri ɗaya ba, sai kai da kawowa yake yi yana duba agogo.

Da motar Kawu ta hau gadar, a hankali take tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta tsaya ƙarƙashin bishiyar da ke gefen gidan mai. Kawu ya buɗe bayan. Goggo, ban gane ta ba. Bargo na fara gani, sannan idanu.

Baba ya rarrafa ya shiga, kansa ya bugi rufin, hularsa ta faɗi cikin taɓo. Ya naɗe dogayen ƙafafunsa a gefenta.

Ta dube shi ta ce, "Ka yi ƙiba."

Ya ce, "Ke kuma kin rame, Mama."

"Ni aikina ke nan yanzu. Kai mene ne naka uzurin?"

Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya kifa fuskarsa a kan bargon. Ta ɗora hannu a ƙeyarsa. Ɗan jaridar ya ɗaga kyamara, sai ta ce da ɗan abin da ya rage mata na murya, "Kai, ɗan wa ne kai? Uwarka ta san kana nan?" Ya sauke. Har mai tuffar ya juya baya.

Can ta ce, "Auta, mutumin nan, shi ya yi?"

Ya ce, "Ban sani ba, Mama."

Ta ce, "To in ba ka sani ba, ka zauna inda kake. Kada in ji ka motsa saboda ni, ko da me aka bugo aka gaya maka. Ka ji?"

Ta ja kunnensa, gwamna guda, ta ce, "Ka ji?" Ya ce, "Na ji."

Sannan ta hango ni a raɓe jikin ƙofa. Ta ce, "Ƙawata mai dogon kunne, zo nan." Na fara ba ta haƙuri, ta ce, "Yi shiru. Rabona da sa rigar cocin nan tun bikin Ista, ke kika sa na sa ta." Hannunta ba nauyi ko kaɗan.

Minti ashirin da biyar ne duka. Numfashinta ya fara sama-sama, Kawu ya ce a tafi. Baba ya bi motar da ƙafa har tsakiyar gadar, hannunsa a kan gilashin baya. Da ya zo layin fentin ya tsaya cak, motar ta zare daga ƙarƙashin hannunsa.

Daga nan ne ya hango ki, 'yar ƙarama a can ƙarshe cikin shuɗin kwat. Kin ji ya kira? Sau biyu ya ce "Yaya Verna!" amma iska tana kaɗowa ta wajenku. Na ga hannunki ya ɗaga. Baba ya ce ɗankwalinki kika gyara. Ni na ce ba haka ba ne. Mun yi gardamar har gida, awa huɗu, kuma shi ne karo na farko da na taɓa yi masa gardama.

Saura kwana huɗu hukumar ta zauna. Ki ce wa Kaka ta jira.

'Yarki,
Corinne


Elk Ford,
Talata, 19 ga Nuwamba

'Yata Corinne,

Na gaishe ki. Kafin wannan ta iso kin riga kin ji daga uwarki. Da hantsi ne Mama ta cika, bayan ta sha shayi rabin kofi. Ba ta sha wuya ba. Likita ya ce ba zai iya cewa tafiyar ce ko ba ita ba ce, ni ma na daina tambayar kaina.

Uwarki ta ce da aka gaya masa ya ɗauki makullin mota ya fita har tsakar gida, ya daɗe a tsaye, sannan ya dawo ya ajiye. Ki ce masa na ji, kuma daidai ya yi.

Ɗazu fasto ya zo da littafinsa ya ce za a yi jana'iza Alhamis. Na ce Asabar. Ya ce dangin Lyle sun riga sun shirya, masu haƙa kabari ma an gaya musu. Na ce su sake shiri. Ya ce, "Verna, me ya sa?" Na ce ƙanena yana da aiki ranar Alhamis.

Ko me hukumar ta yanke, in ya gama nasa ya taho. Ke ma ki zo, za ki kwana a ɗakina. Ki gaya masa ya iso kafin goma, shi zai riƙe akwatin gawar ta gaba.

Goggonki,
Verna